Mai Karanta Filta

Duk direban da ya taɓa tunkarar Hawan Kibo, a hanyar Akwanga zuwa Jos, cikin tsohuwar motar gas ya san irin addu'ar da ake yi a gindin tudun nan. Mota tana tafe lafiya lau a shimfiɗaɗɗen titi, da ta fara hawa sai numfashinta ya soma sarƙewa. Ka taka totur ta amsa da kyar, ka sauko giya ta biyu ta yi fizga ɗaya, biyu, sai tsit. Yaron mota ya diro ya sa dutse a bayan taya. A zauna minti goma ana kallon juna. A murɗa makulli, ta tashi garau kamar ba ita ba. A yi kilomita uku, ta sake.

Kafin mai motar ya isa gari ya riga ya yanke hukunci: famfon injakta ya mutu. Kuma ba zai rasa makaniken da zai gaskata shi nan take ba, domin kwance famfo aiki ne mai tsoka. Amma akwai wani irin makanike, galibi mai furfura a gemu da baƙin mai a ƙarƙashin farce, wanda ko kallon famfon ba zai yi ba. Zai aiki yaro ya samo masa farar kwalba, wankakkiya, busasshiya. Irin wannan mutumin ana samun sa a garejojin Kano da Kaduna, ana samun sa a Maraɗi da Damagaram inda ake kiran man gazuwal, kuma iliminsa ya cancanci a zauna a bayyana shi.

Sai an san hanyar da mai ke bi sannan za a gane dalilin kwalbar. Mai yana fita daga tanki ta wata 'yar rariya da ke bakin bututu a can ƙasa. Famfo ya zuƙo shi, ya ratsa filta, ya shiga famfon injakta, wanda ke matse shi ya aika wa kowace nozul rabonta a kan lokaci. Abin da ya yi saura ya koma tanki ta wani bututun. Injin fetur yana da fulogin da ke kyasta masa wuta. Na gas kuwa zafin iskar da fistin ya matse ne ke kunna man, shi ya sa dole man ya shiga a feshe, da laushi kamar hazo. Kafin a sami wannan feshin, tsohon inji yana buƙatar matsin da ya ninka na iskar tayar mota fiye da sau 50. Ƙarafan da ke wannan matsi a cikin famfo an goge su ne har tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce maikiron 2 ko 3 ba, alhali kaurin gashin kan mutum ya kai wajen maikiron 70. Ƙurar da ido ba ya gani ta ishe su rauni. Filta ita ce mai gadin ƙofarsu. Idan ta toshe, aikinta ta yi: ta tare abin da zai kashe famfo. Mai zaginta ya bar jaki yana dukan taiki.

Motoci biyu ne suka fi koya wa makanikanmu wannan darasi. Ta farko Marsandi W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, kusan miliyan 2.7, musamman 240D mai silinda 4 da 300D mai silinda 5. Ita ce ta shekara da shekaru tana aikin tasi tsakanin garuruwan Maroko, wasu kuma suka iso mana ta Kwatano bayan Turawa sun gaji da su. Ta biyu Land Cruiser mai injin 1HZ, lita 4.2, silinda 6, wanda Toyota ta fito da shi a 1990, motar ƙungiyoyin agaji da asibitocin karkara da masu ratsa Sahara. Gwanin makaniken nan mai kwalba ya san halin kowacce. Famfon Marsandi dogo ne, fistocinsa a jere, kuma baƙin mai ne ke shafe ƙasansa, saboda haka yana da haƙuri da mugun mai. Na 1HZ mai juyawa ne, man gas ɗin da yake turawa shi ne kuma man shafawarsa. Ruwa ko kananzir ya shige shi, ƙarfe ya ci ƙarfe. Shi ya sa Toyota ta yi wa filtarta wani kofi a gindi inda ruwa ke taruwa, da ɗan famfon tsiyayarwa, da fitila a gaban direba mai kunnuwa idan ruwan ya yi yawa. Direbobi nawa ne suka liƙe fitilar nan da salatif don ta dame su?

Mu koma kan kwalba. Gwanin zai tsiyayi mai daga gindin filta ko daga ƙasan tanki, ya ajiye kwalbar a inuwa, ya shiga wata sabgar. Bayan ɗan lokaci ya ɗaga ta ya saita da rana. Mai lafiyayye garau yake, kana hango yatsanka ta bayansa. Idan ya yi dishi-dishi kamar ruwan tsamiya, akwai ruwa a gauraye. Idan ruwan ya yi yawa zai ware ya kwanta a ƙasa, domin litar gas nauyinta wajen giram 840 ne, ta ruwa kuwa 1,000. A tsakanin ruwan da man, wani lokaci, sai ka ga wani baƙin abu mai yauƙi yana lilo. Da ya gan shi zai girgiza kai, ya gane cewa aikin ya wuce sauya filta.

Wannan baƙin abu rayayye ne. Masu mota a Turai da Amurka suna kiran sa gansakuka, amma gansakuka tana buƙatar hasken rana, cikin tanki kuwa duhu ne. Ƙwayoyin bakteriya ne da dangin fumfuna, wanda ya fi shahara cikinsu masana na kiran sa Hormoconis resinae, kuma har tankunan jiragen sama yana addaba. A cikin ruwan suke zaune, man da ke samansu suke ci, zafin ƙasarmu kuma ya yi musu daidai. Kashinsu da gawarwakinsu su ne yauƙin. Suna kuma fitar da tsami mai cin ƙarfe, wanda ke huda gindin tanki daga ciki yana barin tsatsa. Ruwa ba ya tsami banza, in ji Bahaushe, kuma a nan maganar ta zauna daram: inda babu ruwa, waɗannan halittu ba sa iya yaɗuwa.

To ta ina ruwan ke shiga? Tanki yana numfashi. Da rana, ga zafin gari ga ɗumin man da ke dawowa daga inji, iskar ciki ta buɗe ta fita. Da dare ya yi sanyi, sabuwar iska mai laima ta shigo, ta yi raɓa a bangon tanki, ta gangara ƙasa. Ɗigo ne kawai a dare ɗaya, amma motar da ta shekara 30 ta ga darare da yawa. Akwai murfin da robarsa ta tsage, wanda ruwan sama da ruwan wanki ke bi. Akwai kuma hanyar da man ya biyo kafin ya iso. Ko daga matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, ya fito, ko daga ta Dangote a Legas wadda ta fara fitar da gas a 2024, sai ya kwana a tanka, ya kwana a rijiyar gidan mai, wataƙila ya kwana a duro ko jarkar ɗan bumburutu. Duron da aka bari a tsaye cikin damina ruwa yana taruwa a kansa, da dare ya yi sanyi sai ya zuƙe ruwan ta gefen murfi. Da rani kuma ƙurar hunturu ce ke bin mazurari. Ga masu algus da ke tsinka gas da kananzir. Kowane mataki yana barin tasa diddigar, kuma duk a gindin tanki take tarewa.

Da wannan aka warware sirrin Hawan Kibo. A kan tudu inji yana neman mai da yawa, zuƙa ta yi ƙarfi, motar ta karkata, lakar da ke kwance ta tashi ta manne a rariya. Mai ya yanke, inji ya mutu. Da ya mutu zuƙa ta saki, lakar ta zame ta koma ƙasa. Minti goman da aka yi ana kallon juna shi ne lokacin da take buƙata ta kwanta. Famfon da ya lalace ba kasafai yake warkewa don an huta ba.

Gwanin ba ya dogara da hasashe, ko da nasa ne. Yana da gwaji mai sauƙi wanda ke raba gardama. Zai cire tiyon da ke kawo mai daga tanki, ya tsoma wani a galan mai tsabtataccen gas, ya mayar da na komawa cikin galan ɗin, ya ɗaure galan da kyau, ya ce wa mai mota: "Alhaji, mu je mu hau tudu." Idan mota ta haye ba tari, inji da famfo sun kuɓuta, laifin yana baya. Idan ta sake shaƙewa, sai a dubi gaba. Yakan kuma sa guntun tiyo mai haske kafin famfo ya zuba masa ido. Jerin kumfa na wucewa yana nufin iska na shiga ta wani wuri. Wannan yana ruɗa sabon hannu, domin bututun da ke tsakanin tanki da famfo zuƙa yake yi: zai iya tsagewa ya riƙa shan iska ba tare da ya ɗigar da mai ko ɗigo ɗaya ba. Sai kuma ya buɗe murfin tanki yana kasa kunne. Idan ya ji iska ta ruga ciki da ƙara, hancin tankin ne ya toshe, sau da yawa da laka ko gidan zanzaro, kuma famfo yana ta kokawa ne da tankin da ya ƙi sakin mai. An sha kwance famfo saboda gidan zanzaro.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake yi da tsohuwar filta. Yaron gareji zai yi jifa da ita bayan katanga. Shi kuwa zai tsiyaye ta a faranti, ya yanka gwangwanin, ya zaro takardar ciki mai ninki-ninki, ya miƙe ta a rana kamar mai duba wasiƙa. Baƙin yauƙi mai wari: halittun nan ne, akwai ruwa a tanki. Jan gari: tsatsa, tankin na cin kansa. Abin da ke ƙaras-ƙaras tsakanin yatsu: rairayi ne, a binciki murfi da wurin shan mai. Takarda ta kumbura ta yi laushi: ta sha ruwa. Baƙi mai ɗanko kamar kwalta: man ya tsufa, motar ta daɗe a ajiye. Gutsattsarin baƙar roba: tiyo ne ke ruɓewa daga ciki. Idan kuwa ya ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, sai fuskarsa ta canja, domin famfo ne ya fara cin kansa yana aika garin zuwa tanki ta bututun komawa. A nan ne kaɗai zai yarda a yi maganar famfo. Cikin minti biyar, da wuƙa da faranti, ya karanta tarihin motar na shekara guda, har da irin wuraren da mai ita ke shan mai.

Idan a hanya ne, yana da dabarun isa gida. Zai buɗe murfin tanki ya hura iska ta bututu a baya-baya don ture lakar daga rariya. A Marsandi zai sauya 'yar filtar roba mai haske da ke gaban ƙaramin famfon da ke zuƙo mai, wadda da ido ake ganin ta yi baƙi, ko ya musanya tiyon kawowa da na komawa, muddin tankin yana da mai sosai, don a kauce wa rariyar baki ɗaya. Amma zai faɗa maka gaskiya cewa wannan lallaɓawa ce. Wanda ya sauya filta uku a wata ɗaya bai taɓa tanki ba, kuɗin filta ta huɗu yake tarawa.

Wankin tanki ba aikin gaggawa ba ne, kuma nan ake gane mai haƙuri. A tsiyaye man a ajiye shi gefe ya kwanta. A sauke tanki, a cire ma'aunin mai da rariya, a haska tocila a ciki. Yawancin tankuna suna da shingayen ƙarfe da ke hana mai tangal-tangal, kuma a bayansu laka ke ɓuya, saboda haka wanda ya zuba gas ya girgiza sau biyu ya zubar bai yi komai ba. Gwanin yakan zura sarƙa, ko ya zuba notina da ya ƙirga, yara biyu su kama tankin su yi ta jujjuya shi har tsatsa ta saki. Ya ƙirga notinan ne don ya ƙirga su a fitowa. A ɗauraye, a sake, har abin da ke fita ya zama garau. Idan an yi amfani da ruwa da sabulu, tankin zai wuni a rana har ya bushe ƙarau, domin cokali ɗaya na ruwa da aka bari shi ne irin da za a sake shukawa. Ba ya goge ciki da tsumma mai zare. Rariya a wanke ta ko a sake ta. Bututai a hure su, tiyon da ya yi tauri a yar. Idan tankin ya huje, ba ya yarda a kusanto da wutar walda sai an wanke shi an kore tururin man sarai. Masu cewa gas ba ya kamawa kamar fetur sun manta cewa tankin da ya ɗauki zafi tururi yake cika da shi.

Saura cire iska, wanda shi ne sa hannun gwani. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa, don haka kumfa ɗaya a bututun injakta ta isa ta hana nozul buɗewa. Zai shafa ɗan mai a robar sabuwar filta, ya ɗaura ta da hannu, ya sassauta notin iska, ya yi ta danna famfon hannu, na kan filta a Land Cruiser ko na jikin famfo a Marsandi, har mai ya fito babu kumfa. In mota ta ƙi tashi, ya sassauta notinan bututun nozul, yaro ya ba ta kik a taƙaice, yana hutar da batir, har mai ya fara tsartuwa, sannan ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya. Za ka ji injin na karɓa silinda bayan silinda, daga tari zuwa gurnani. A wannan lokacin yakan daka wa yaro tsawa idan ya kai hannu kusa, domin man da ke fita da wannan matsi yana iya huda fata ya shiga tsoka, kuma raunin da ya yi kama da tsinin allura yana iya jawo yanke yatsa. Akwai kuskure guda da ba ya yafewa: a cika sabuwar filta da man da aka tsiyayo daga tanki, ta ramin tsakiya. Ramin tsakiya shi ne ɓangaren da aka riga aka tace. Duk dattin da aka zuba a nan kai tsaye famfo zai tafi.

Game da magungunan da ake sayarwa a gwangwani, ra'ayinsa a tsakiya yake. Akwai masu kashe halittun nan da gaske. Sai dai gawa ba ta ɓacewa: abin da ya mutu zai saki bango ya taho filta gaba ɗaya, saboda haka wanda ya zuba magani ya tanadi filta biyu a bayan mota. Kuma babu maganin da ke kwashe laka ko ya mayar da tsatsa ƙarfe.

Nasiharsa ga mai mota ba ta da tsada. Ka kwana da tanki a cike, don iska ta rasa wurin zama. Kada ka sha mai a gidan da tanka ke cikin juyewa, domin a lokacin ne diddigar rijiya ke tashi. Ka tsiyaye kofin filta lokaci-lokaci, musamman da damina. Idan a duro kake ajiya, ka kwantar da shi ko ka karkata shi a inuwa, ka bar shi ya kwana kafin ka ɗiba, kada kuma bututunka ya taɓa gindi. Ka guji duro mai rufin zinki, domin gas yana narkar da zinkin ya kai shi bakin nozul. Ka sayi filta ta gaske. A kasuwar kayan mota irin Ƙofar Ruwa za ka sami mai kyau ka sami jabu cikin kwali iri ɗaya, kuma shi da nauyinta a hannu da yawan ninkin takardarta yake rarrabewa. Filtar da ba ta taɓa toshewa ba abar tsoro ce, don alama ce komai wucewa yake.

Zamani yana sauya man kansa. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta gwada gas a ƙasashen Afirka 8, ciki har da Benin da Ghana da Mali, ta sami wanda sinadarin farar wuta a cikinsa ya ninka iyakar Turai sau 378. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko da shi zuwa kashi 50 cikin miliyan. Alheri ne ga huhun jama'a da ga inji. Amma tacewar da ke cire farar wuta tana rage santsin mai, kuma tsofaffin robobin da suka saba da wancan man sukan tsuke su fara yoyo ko shan iska. Gwanin da bai taɓa karanta rahoton kowa ba yana ganin sauyin a bakin tiyo. Sababbin motocin gas kuma, masu kwamfuta, matsinsu ya ninka na taya fiye da sau 700, kuma ruwan da tsohuwar Marsandi za ta haɗiye ta yi tari ta wuce, su nozul zai kashe musu. Na'urar da ake jona musu za ta ce matsin mai ya yi ƙasa. Dalilin da ya sa ya yi ƙasa yana can gindin tanki, inda waya ba ta kaiwa.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne ladan wannan ilimi ba ya kai darajarsa. Wanda ya kwance famfo ya karɓi kuɗi mai kauri, mota ta dawo bayan mako biyu, ya ce nozul ce. Wanda ya gano gidan zanzaro cikin rabin sa'a kuwa, mai mota zai ce ai bai yi wani aiki ba, ya miƙa masa na goro. Shi ya sani, bai kuma fasa ba. Da yamma, bayan an ɗaura tanki mota ta tashi, za ka gan shi ya kira ƙaramin yaransa, ya miƙa masa kwalbar da aka tsiyaya da safe, wadda yanzu ta rabu gida uku. Ba zai gaya masa komai ba. Zai ce kawai ya ɗaga ta sama, ya juya wajen rana, ya faɗi abin da ya gani.